Kayan motsa jiki a ƙaramin gida: yadda za ku zaɓa ba tare da asarar kuɗi ba

Zaman birni ya canza rayuwar mutane da yawa. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai ma'aikacin da ke wuni bisa kujera, akwai ɗan kasuwar da ke zaune cikin shago daga safe har magariba, akwai kuma uwargidan da injin niƙa da famfo suka hutar da ita daga daka da ɗibar ruwa. Tafiyar da a da ake yi da ƙafa, yanzu kabu-kabu ke yin ta. Wannan sauƙi ne, amma yana tafe da tasa illa. Jikin da ba ya motsi yana buɗa ƙofa ga ƙiba, da ciwon suga, da hawan jini, wanda a gidan likita ake kira tansiyo.

Idan likita ya ce ku riƙa motsa jiki, alhali ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo kuke haya, kuma fita kullum ba ta yiwuwa, tambayar da ke zuwa ita ce: wane abu za a saya? Wannan shafi zai taimake ku. Amma ku sani tun yanzu, kayan da suka fi tsada ba su ne suka fi dacewa da gidajenmu ba.

Wane irin motsa jiki ake nufi?

Zuciya tsoka ce. Aikinta shi ne tura jini zuwa ko'ina cikin jiki, dare da rana. Kamar kowace tsoka, tana ƙara ƙarfi idan ana ba ta aiki daidai gwargwado. Motsin da ke ƙarfafa ta shi ne wanda ke sa manyan gaɓoɓi aiki na tsawon lokaci ba tsayawa, har numfashi ya ƙaru: tafiya da sauri, tuƙa keke, hawan bene, tsalle, daka, noma. Ɗaga ƙarfe mai nauyi yana da nasa amfani, amma ba shi ne muke magana a kai ba.

A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sabunta shawararta. Ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi kowane mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani. Minti 150 shi ne minti 30 a rana, kwana 5 cikin mako. Ba dole ba ne a yi su a zama ɗaya: minti 10 da safe, 10 da yamma, 10 da dare, duk ana lissafa su. Hukumar ta kuma bayyana cewa cututtukan zuciya da na hanyoyin jini su ne suka fi kashe mutane a duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace suna faruwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Saboda haka kada a ɗauka ciwon masu kuɗi ne.

Yaya za ku gane motsin ya kai matsakaici? Ku gwada da baki. Idan kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa, kun kai. Idan ba ku iya faɗin kalmomi kaɗan sai kun tsaya jan numfashi, motsin ya yi tsanani. Wanda ya iya lissafi yana iya ƙidaya bugun zuciya: ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ku ƙidaya cikin daƙiƙa 15, ku ninka sau 4. Baligin da ke hutawa yakan samu 60 zuwa 100 a minti. Don ƙiyasta iyakar bugun, ana cire shekarun mutum daga 220. Mai shekara 40 zai samu 180, matsakaicin motsinsa kuwa yana tsakanin 90 da 126. Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma wasu magungunan tansiyo suna rage saurin zuciya, don haka gwajin baki ya fi sauƙi ga kowa.

Kafin ku fitar da ko dala

Abu na farko shi ne awon tansiyo a gidan likita mafi kusa. Idan awon yana kai 14/9 ko ya wuce, ko kuna da ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko juna biyu, ku gaya wa ma'aikacin lafiya abin da kuke niyyar yi, ya faɗa muku iyakar da za ku tsaya.

Abu na biyu gwajin kai ne. Ku yi wata guda kuna motsa jiki ba tare da sayen komai ba. Ku yi tafiya a wuri ɗaya kuna ɗaga gwiwa, ku zagaya tsakar gida, ku hau dokin ƙofa ku sauka. Ku ja layi a bango ko cikin littafi duk ranar da kuka yi. Idan wata ya ƙare kuka ƙidaya layi 15 ko 20, to kun cancanci sayen kaya. Idan layi 3 kuka samu, matsalar ba ta rashin kaya ba ce, kuma inji ba zai gyara ta ba. Gidaje nawa ne keken motsa jiki ya koma wurin rataya tufafi?

Ga wani lissafi da zai taimaka. A ce, misali, an yi muku kuɗin wani keke jika 60. Idan kuka hau shi sau 5 a mako har shekara, kun hau sau 260, kowane hawa ya tashi kusan dala 46. Idan kuwa sau 10 kuka hau kuka bari, kowane hawa ya ci jika 6.

Manomi, da mai ɗibar ruwa, da mai tura kura, da matar da ke surfe da daka kullum, ba su bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya. Aikinsu ya wadatar.

Ku auna ɗakin

Kada ku tafi kasuwa da ido kawai. Cikin babban shago kowane inji ƙarami ne, sai an kawo shi gida ake ganin girmansa. Ku ara abin awo wurin tela ko magini, ku auna filin da ya rage bayan gado, da akwatuna, da wurin shimfiɗa tabarmar salla. Ku auna faɗin ƙofa. Ku rubuta lambobin a takarda ku tafi da ita. Dabara mai kyau ita ce ku zana girman injin a ƙasa da alli ko gawayi, ku bar zanen kwana biyu. Idan mutanen gida suna taka shi duk lokacin da za su wuce, wurin bai isa ba.

Ku dubi sama kuma. Fankar da ke rataye a rufin ɗaki hatsari ce ga mai tsalle da igiya, da wanda ya hau bisa wani abu yana ɗaga hannu. Sannan ku tuna da maƙwabta. A gidan haya bango ɗaya ne tsakaninku da wani iyali, a bene kuwa akwai mutane ƙarƙashinku. Ƙarar da ke tashi bayan sallar asuba tana iya jawo faɗa.

Igiyar tsalle

Ita ce mafi arha, kuma tana shiga aljihu. Don sanin tsawon da ya dace, ku taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya ku ja bakunanta sama: ya kamata su kai hammata. Tsalle da igiya motsi ne mai tsanani, saboda haka mai farawa ya yi rabin minti, ya huta minti ɗaya, ya sake. A sa takalmi mai taushin ƙasa, domin tsalle ba takalmi bisa siminti yana cutar da dunduniya da gwiwa. Tana bukatar kamar rabin mita tsakanin kai da rufi, shi ya sa ta fi daɗi a tsakar gida.

Igiya ta dace da matasa da masu sauƙin jiki. Ba ta dace da mai ƙiba sosai ba, ko mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, ko wadda ta haihu kwanan nan. Abin takaici, yawancin waɗanda likita ke turawa motsa jiki suna cikin waɗannan.

Akwatin hawa da sauka

A ganinmu, wannan shi ne abin da ya fi dacewa da yawancin ƙananan gidaje, kuma shi ne aka fi rainawa. Wani ɗan dandamali ne da ake hawa ana sauka: ƙafar dama sama, ta hagu sama, ta dama ƙasa, ta hagu ƙasa. Asalinsa ma daga tsakar gida yake. A ƙarshen shekarun 1980 wata mai koyar da motsa jiki a Amurka, Gin Miller, ta ji ciwo a gwiwa, ta riƙa jinyar kanta da hawa da sauka a matakalar ƙofar gidanta. Daga nan ta mai da abin darasi, kamfanin Reebok ya ƙera dandamalin roba, ya bazu cikin duniya.

Ba sai kun nemi na roba ba. Kafinta zai yi muku na katako mai kauri. Ku ce masa tsawo kamar santimita 70, faɗi kamar 40, yadda duk tafin ƙafa zai zauna a kai. Tsayi shi ne abin lura: mai farawa da dattijo su tsaya a santimita 10, wanda ya saba ya kai 15 ko 20. Idan kuka ɗora ƙafa kuka ga gwiwa ta kusa kai tsayin ƙugu, akwatin ya yi tsayi. A sa masa sanda ta tsakiya daga ciki don kada ya lanƙwashe, a kuma manna robar tsohuwar taya a ƙasansa don kada ya zame. Wasu na amfani da bulon siminti. Idan haka za ku yi, ku zaɓi cikakke marar rami, domin mai rami yana iya fashewa idan aka kwantar da shi ta gefe.

Lokacin aiki ku ajiye shi kusa da bango, don ku dafa idan jiri ya zo. Ku taka da dukan tafin ƙafa, kada dunduniya ta rataya a waje. Bayan kowane minti ɗaya ku canza ƙafar da ke fara hawa. Kuna son ƙarin wahala? Ku ƙara sauri ko ku riƙa ɗaga hannuwa, kada ku ƙara tsayi da gaggawa. Ba ya cin wuta, ƙararsa kaɗan ce, ƙura ba ta lalata shi. Idan an gama a tura shi ƙarƙashin gado, ko a zauna a kai wurin girki. Matar da ba ta cika fita ba tana iya cika mintinta 30 da shi cikin ɗakinta, tana sauraron rediyo.

Keken da ba ya tafiya

Idan akwai kuɗi da wuri, kuma gwajin wata guda ya yi kyau, keke shi ne inji na farko da ya kamata a duba. Sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, saboda haka gwiwa da idon sawu suna samun sauƙi. Mai ƙiba da dattijo suna iya hawa. Yawanci yana cin fili kamar mita ɗaya a tsawo da rabin mita a faɗi. Akwai wanda ake naɗewa a jingine a bango, sai dai ba shi da ƙarfin wanda ba a naɗewa, kuma yakan yi wa dogon mutum kaɗan.

Abin da ke sa tuƙi ya yi nauyi iri biyu ne. Wani keken yana da birki mai gogar ƙafar ƙarfe. Yana ƙara, kuma birkin yana cinyewa, amma mai gyaran keke na unguwa zai iya canza shi. Wani kuma da maganaɗisu yake aiki, ba abin da ke gogar wani, don haka shiru yake kuma ba ya saurin lalacewa. Idan za ku sayi irin wannan, ku zaɓi wanda ake murɗa nauyinsa da hannu. Wanda sai an jona shi da lantarki kafin nauyin ya canza, ranar da babu wuta ba zai biya bukata ba. Ƙaramin allon da ke nuna lambobi ba dole ba ne. Agogo ya isa.

Ku nemi takardar da ke manne a jikin keken mai nuna iyakar nauyin da yake ɗauka. A kan ƙananan kekuna akan rubuta kilo 100 ko 120. Ku zaɓi wanda iyakarsa ta wuce nauyinku. Sannan ku hau ku gwada kafin biya. Sirdi ya hau ya sauka, ta yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwarku za ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Wanda ke da keke na yau da kullum yana iya kai shi wurin mai walda a yi masa mazauni mai ɗaga tayar baya. Amma dole a sa wani ƙarfe mai juyawa da tayar za ta riƙa gogawa, in ba haka ba za ta juya a banza, ba wahalar da zuciya za ta ji. Kuma tayar da ke juyawa a fili tana kama yatsun yara. Idan hanya tana da kyau, fita da keken da sassafe ya fi.

Akwai ƙananan kaya biyu da ake yawan gani. Na farko feda ce kawai ba sirdi, ana zama bisa kujera a tuƙa ta. Tana da amfani ga tsoho da mai murmurewa daga ciwo, amma da wuya ta ishi mai ƙarfi. Na biyu matakai ne biyu da ake dannawa da ƙafa. Ba ya cin wuri, sai dai bututun man da ke ƙarƙashinsa yana zafi idan aka daɗe a kai, kuma idan ya fara yoyo samun madadinsa wahala ne. Akwatin kafinta yana yin aikinsa.

Injin tafiya da gudu

Shi ne wanda ake gani a talabijin, kuma shi ne mutane suka fi sha'awa. Ga mai ƙaramin gida shawararmu ita ce a bar shi. Tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ana bukatar fili a bayansa don idan mutum ya zame kada ya bugi bango. Yana cin wutar da fanka da yawa za su ci a haɗe. Idan wuta ta ɗauke yana tsayawa, kuma kowa ya san yadda wuta take a watannin bazara. Ba a manta da ƙarancin da aka sha ba lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Hawa da saukar ƙarfin wuta yana ƙona allon da ke sarrafa injin, ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙarƙashin shimfiɗar tana cinye ta. Masu gyaransa ba su da yawa.

Akwai kuma maganar yara. Shimfiɗar da ke gudu tana goge fatar hannu, tana iya jan ƙaramin yaro zuwa ƙarƙashi. A watan Mayu 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani irin injinsa daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu da dama. A ɗakin da yara ke kwana suna wasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya riga ya mallaki injin ya cire shi daga wuta bayan aiki, ya ɓoye makullinsa.

Akwai irin da ba ya amfani da wuta, ƙafa ce ke tura shimfiɗar. Ya fi arha, amma ƙananan irinsa suna da tauri, mutum yakan wuni riƙe da ƙarfe yana turawa. Ku gwada shi minti 5 kafin ku yanke shawara.

Abin da ba za ku saya ba

Ana tallar ɗamarar roba mai sa gumi, da ɗamara mai girgiza ciki, ana cewa suna narkar da tumbi. Ba su yi. Gumi ruwa ne, ba kitse ba, kuma nauyin da ya ragu yana dawowa da zarar an sha ruwa. A ƙasa mai zafi irin tamu, naɗe jiki da roba yana iya kawo jiri da suma. Kitse yana raguwa ne daga dukan jiki, idan motsi ya ƙaru kuma cin mai da suga ya ragu.

Idan na hannu za ku saya

Yawancin injunan da talaka zai iya saye tsofaffi ne da aka kawo daga Turai ko Amurka. Ana samun irinsu wurin masu kayan gwanjo, a Yamai kuma ana iya dubawa a kasuwar Katako. Ku tafi da mai gyaran keke ko babur da kuka yarda da shi. Ku hau ku yi minti 10, domin wasu lahani ba su bayyana sai ƙarfe ya yi zafi. Ku saurari ƙara. Ku girgiza injin ku ga ko yana rawa. Ku duba wuraren walda da ƙasan ƙafafu, inda tsatsa da tsagewa ke ɓuya, musamman idan an yi sabon fenti. Ku murɗa abin ƙara nauyi daga farko har ƙarshe, ku tabbata nauyin yana canzawa da gaske. Idan mai lantarki ne, ku karanta lambar da ke jikinsa: wutar Nijar bolt 220 ce, kayan Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, idan aka jona su kai tsaye suna ƙonewa. Ku sa kuɗin ɗauko shi zuwa gida cikin ciniki, ku kuma nemi sharaɗin mayarwa cikin kwana biyu ko uku, a gaban shaida.

Zafi, azumi da alamun hatsari

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje zafi. Ku yi motsinku da sassafe ko bayan faɗuwar rana, taga a buɗe, ruwa a kusa. Ku fara da minti 5 a hankali, ku gama da minti 5 a hankali. Makon farko minti 10 a rana ya isa, ku riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Cikin azumi a bari sai bayan buɗa-baki, idan abinci ya kwanta. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura ya ajiye dabino ko suga kusa, domin sugan jini yana iya faɗuwa lokacin motsi: alamunsa su ne rawar jiki, da gumi mai sanyi, da yunwa kwatsam.

Ku tsaya nan take idan kuka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu. Kada ku jira gobe. A kai ku gidan likita.

Kula da kayan

Gumi yana da gishiri, yana sa ƙarfe tsatsa, don haka ku goge keken da tsumma bayan kowane hawa. Lokacin hunturu ku rufe shi da tsohon zane. Kada ku bar shi a rana ko inda ruwan sama ke zuba. Sau ɗaya a wata ku ɗaure kusoshin da suka saki, ku ɗiga mai a sarƙa idan yana da ita. Ku cire batir daga allon idan za ku yi tafiya. Akwatin katako kuwa ku riƙa juya shi kuna duba ƙasansa saboda gara, ku kuma buga duk ƙusar da ta fara ɗago kai.